Yadda Ake Gano Karon Adireshin IP a Netwok ɗin Gida da Yadda Ake Warware Shi

Akwai wata matsala ta intanet ɗin gida da ke da wuyar kamawa, domin ba ta kashe komai gaba ɗaya. Fitilun rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, suna nan lafiya, waifai a cike yake a waya, amma kwamfuta sai ta yi minti biyar tana aiki ta tsaya cak, can kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Firinta ta buga takarda da safe, da rana kwamfuta ta ce ba ta ganinta. Kyamarar tsaro ta fito a waya, ta ɓace, ta sake fitowa. In ka sa ido sosai za ka lura na'urori biyu ne ke yin karɓa-karɓa: da wannan ta farfaɗo sai waccan ta suma. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne na'urori biyu sun riƙe adireshin IP ɗaya a cikin netwok ɗaya, abin da ake kira karon adireshi.

Abin da kowa ke fara yi shi ne kashe rauta a sake kunnawa, kuma yakan yi aiki na kwana ɗaya ko biyu. Illarsa ita ce yana share shaidar da za ka bi ka kama mai laifin, shi ya sa matsalar ke dawowa. Shawarata ita ce idan abin ya taso, ka ɗan yi haƙuri na minti goma kafin ka taɓa maɓallin wuta, ka fara da bincike.

Abin da ke faruwa a ciki

Kowace na'ura da ke kan netwok tana da lambar shaida iri biyu. Ta farko ita ce adireshin MAC, wanda masana'anta ke ɗora wa katin sadarwarta, haruffa da lambobi 12 a jere bibbiyu, kamar 00:1A:2B:3C:4D:5E. Ta biyu ita ce adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.105. Wannan na biyun ba mallakar na'urar ba ne. Ko dai rauta ta ba ta haya ta hanyar tsarin da ake kira DHCP, ko kuma wani ya shiga saiti ya rubuta mata shi da hannu.

Duk lokacin da rauta za ta miƙa wa 192.168.1.105 saƙo, sai ta fara yin shela a netwok ɗin tana tambayar wa ke riƙe da wannan lambar. Mai ita sai ya amsa da adireshin MAC ɗinsa, rauta ta rubuta ta ajiye. Wannan tsarin tambaya da amsa sunansa ARP, kuma tun 1982 ake aiki da shi. Idan na'urori biyu suka riƙe lamba ɗaya, abin ya zama kamar a kira suna a ɗaki takwarori biyu su amsa. Rauta takan riƙe amsar da ta iso mata ta ƙarshe, don haka saƙo ya tafi wurin wannan yanzu, an jima ya koma wurin wancan. Tushen ɗaukewa da dawowar ke nan.

An yi tanadin kariya. Ƙa'idar da aka fitar a 2008 mai lamba RFC 5227 ta tanadi cewa kafin na'ura ta fara aiki da adireshi, ta tambaya tukuna ko akwai mai shi. Sai dai na'urar da ke kashe ko ke barci ba za ta amsa ba, kuma ba kowace ƙaramar na'ura ce ke damuwa da yin tambayar ba. Ta wannan kafar karo ke shigowa.

Mataki na ɗaya: ka tabbatar karon ne

Wani lokaci na'urar da kanta za ta gaya maka. Windows na iya fito da saƙon "Windows has detected an IP address conflict", Mac kuma ya ce "Another device on the network is using your computer's IP address". Wayoyi ba su cika faɗa ba, sai dai ka ga waya ta maƙale tana neman adireshi, ko ta nuna ta haɗu amma babu intanet.

Akwai abubuwan da ke kama da karo amma ba shi ba ne, kuma gara a cire su tun yanzu. Idan ka buɗe shafin da ke nuna adireshin IP ɗinka a waya da kwamfuta ka ga lamba iri ɗaya, hankalinka ya kwanta, wannan adireshin gidan ne na waje, duk na'urorin gida ta ƙofa ɗaya suke fita intanet. Haka kuma idan wayarka tana da 192.168.1.10 kuma ta maƙwabcinka ma haka a kan tasa rautar, babu komai. Lambobin da suka fara da 192.168, da waɗanda suka fara da 10, da kuma daga 172.16 zuwa 172.31, tun 1994 aka ware su domin amfanin cikin gida, kowa na iya maimaita su a nasa netwok ɗin.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne adireshin da ya fara da 169.254. Na'ura ce ke ba kanta irin wannan idan ta nemi haya ba ta samu ba. Yana iya zama kebul ne ya lalace, ko DHCP a kashe yake, ko lambobin da rauta ke rabawa sun ƙare, ko ƙaramar MiFi ce ta cika adadin na'urorin da take ɗauka. Amma Windows ma yakan koma kan irin wannan adireshin idan adireshin da aka rubuta masa da hannu ya ci karo da na wani. Saboda haka 169.254 alama ce ta a ci gaba da bincike, ba ta isa hukunci ba.

Mataki na biyu: ka rubuta lambobin na'urar da ke da matsala

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `cmd`, ka danna Enter. A baƙin allon da ya buɗe rubuta:

`ipconfig /all`

Nemi sashen katin da kake amfani da shi, na waifai ko na kebul, ka kwafi layuka biyar a takarda: "Physical Address", wato MAC ɗinta, sai "DHCP Enabled", sai "IPv4 Address", sai "Default Gateway", sai "DHCP Server". Dubi abin da ke maƙale a ƙarshen layin IPv4. In kalmar Preferred ce, Windows bai ga matsala ba a wannan lokacin. In kuwa Duplicate ce, magana ta ƙare, karo ne. Idan "DHCP Enabled" ya nuna No, to da hannu aka rubuta wa wannan kwamfutar adireshi, kuma ita ce ta farko a jerin waɗanda ake zargi.

A Mac, shiga System Settings, sai Wi-Fi, sai Details, sai TCP/IP. A Linux umarnin `ip addr` zai nuna maka adireshi da MAC, `ip route` kuma ya nuna adireshin rauta. A iPhone ka taɓa ƙaramin harafin i da ke gefen sunan waifai. A Android ka taɓa sunan waifai ɗin ko alamar saiti da ke gefensa, ko da yake wurin yana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Mataki na uku: ka kama ɗaya na'urar

Nan ne ainihin aikin yake. In Windows ne ya yi kuka, akwai yiwuwar ya riga ya rubuta maka amsar. Danna Windows da R, rubuta `eventvwr.msc`, buɗe Windows Logs, sai System, ka nemi rahoto mai lamba 4199 daga Tcpip. A cikinsa za ka ga adireshin IP ɗin da aka yi karo a kai, da adireshin MAC na na'urar da ta ce nata ne. Kwafe shi.

Idan babu wannan rahoton, ko kuma matsalar a firinta take ko a kyamara, akwai gwaji mai sauƙi da na fi yarda da shi. A ce firinta ce a kan 192.168.1.105. Cire ta daga wuta gaba ɗaya, kada ka bar ta a barci. Daga wata kwamfuta ka buɗe cmd da izinin mai gudanarwa, wato ka danna dama ka zaɓi "Run as administrator", sannan ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

`arp -d *`

`ping 192.168.1.105`

`arp -a`

Na farko yana goge tsohon abin da kwamfutar ta haddace, na biyu yana ƙwanƙwasa wa adireshin, na uku yana nuna wanda ya amsa. Firinta a kashe take, don haka bai kamata kowa ya amsa ba. Idan amsa ta zo, wata na'ura ce zaune a kan lambar. Ga wani abu da mutane da yawa ke tsallakewa: ko da ping ya nuna babu amsa, ka duba sakamakon `arp -a`. Kwamfutoci da yawa an saita su kada su amsa ping, amma babu na'urar da za ta yi aiki a netwok ba tare da amsa tambayar ARP ba. In ka ga 192.168.1.105 a jerin da MAC a gefensa alhali firinta na kashe, ka kama ta. A Linux `ip neigh` ne ke nuna wannan jerin.

In babu kowa, kada ka yanke cewa babu karo. Wataƙila ɗaya na'urar ba ta gida a lokacin, wayar wani ce da ya fita, ko talabijin da ba a kunna sai dare. Ka lura da lokacin da matsalar ke tasowa, ka maimaita gwajin a daidai wannan lokacin.

Samun MAC ɗin rabin aiki ne, saura sanin ta wace ce. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ka kwafa daga "Default Gateway". Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, MiFi na Huawei kuma 192.168.8.1. Sunan shiga da kalmar sirri galibi suna jikin takardar da ke manne a ƙasan rautar, in dai ba a canza su ba. Nemi shafin da ke jera na'urorin da suka haɗu, ana kiransa "DHCP Client List" ko "Connected Devices" ko makamancin haka. In MAC ɗin ya fito da suna a gefensa, shi ke nan. In kuma bai fito a jerin DHCP ba sam, wannan ma amsa ce: na'urar ba rauta ce ta ba ta adireshi ba, da hannu aka kafa mata, ko kuma wani wuri dabam ta samo.

Haruffa shida na farkon MAC lambar masana'anta ce da hukumar IEEE ke rajista, kuma akwai shafukan da za ka rubuta su su gaya maka kamfanin. Da ka ga sunan kamfanin kyamara ko na firinta, ka san inda za ka nufa. Sai dai wayoyin zamani sun ɗan dagula wannan. Tun daga Android 10 da iOS 14, waya takan ƙirƙiri MAC na wucin gadi ga kowane waifai domin kada a riƙa bibiyar mai ita. Ana gane irin wannan da harafi na biyu: idan 2 ne, ko 6, ko A, ko E, to ƙirƙirarre ne, ba za ka samu kamfani ba, amma aƙalla ka san da alama waya ce ko kwamfutar hannu. Sai ka bi wayoyin gida ɗaya ɗaya kana duba MAC ɗin da kowacce ke nunawa a saitin wannan waifai.

Mataki na huɗu: gyara gwargwadon dalili

Wanda ya fi yawa shi ne kafaffen adireshi da ya faɗa cikin zangon da rauta ke rabawa. Misali, rauta tana ba da haya daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.199. Wanda ya haɗa firinta ya rubuta mata 192.168.1.105 da hannu domin kada ta riƙa canza lamba, kuma niyyarsa mai kyau ce. Amma rauta ba ta san an yi haka ba. Ran da firinta ke kashe wata waya ta shigo, sai rauta ta ba ta 105. Da an kunna firinta rigima ta tashi. Maganin shi ne ka mayar da na'urar ta riƙa karɓar adireshi daga rauta. A Windows rubuta `ncpa.cpl` a akwatin da ke buɗewa idan ka danna Windows da R, danna dama a kan katin, Properties, sai "Internet Protocol Version 4", ka zaɓi "Obtain an IP address automatically". A iPhone ka mayar da "Configure IP" zuwa Automatic, a Android ka mayar da "IP settings" daga Static zuwa DHCP. Firinta kuma daga ɗan allonta ko shafin saitinta. Daga nan a Windows ka rubuta `ipconfig /release` sannan `ipconfig /renew`. A Mac akwai maɓallin "Renew DHCP Lease", a waya kuma ka sa ta manta da waifai ɗin ka sake haɗawa.

Kyamarorin tsaro suna da nasu salon. Da yawansu da kafaffen adireshi suke fitowa daga kwali: na Hikvision 192.168.1.64, na Dahua 192.168.1.108. In ka sayi uku iri ɗaya ka jona su lokaci guda, dukansu lamba ɗaya za su riƙe. Ka jona ɗaya, ka canza mata adireshi, sannan ka jona ta gaba.

Dalili na biyu ya fi ɓoyuwa kuma ya fi ɓarna, wato masu rabo biyu a gida ɗaya. Yakan faru ne idan waifai bai kai wani ɗaki ba, aka ɗauko tsohuwar rauta aka ja mata kebul daga babbar aka soka a ɗaya daga kafofin LAN, wato kafofin da ake jona na'urorin cikin gida. Waifai ya kai, kowa ya ji daɗi. Amma tsohuwar rautar ba ta daina ɗaukar kanta a matsayin mai gida ba, tana nan tana raba adireshi, kuma ba ta san abin da babbar ta raba ba. Duk na'urar da ta nemi haya, wadda ta riga amsa mata ita take bi. In zangonsu ɗaya ne, ba da jimawa ba za su ba na'urori biyu lamba ɗaya. In kuma dukansu 192.168.1.1 suke amsawa, to karon ya hau kan ƙofar fita da kanta, gidan gaba ɗaya zai riƙa ɗaukewa. Alama ɗaya da ba ta ƙarya ita ce ka rubuta adireshin rauta a burauza, yau shafin wannan kamfani ya buɗe, an jima na wancan.

Domin tabbatarwa, duba layin "DHCP Server" da "Default Gateway" a na'urori uku ko huɗu. Ya kamata duk su nuna babbar rauta. In wata ta nuna lamba dabam, akwai mai rabo na biyu. Ba lallai rauta ce ba, yana iya zama na'urar ƙara tsawon waifai da aka saita ba daidai ba, ko kwamfutar Windows da aka kunna wa raba intanet, wadda ake gane ta da 192.168.137.1.

Ga yadda ake gyara rauta ta biyu, kuma bin tsarin a jere yana da muhimmanci. Da farko cire kebul ɗin da ya haɗa ta da babbar, ta zauna ita kaɗai. Haɗa kwamfuta da ita da kebul ta kafar LAN, ka kashe waifai na kwamfutar domin kada ka shiga babbar bisa kuskure. Shiga shafin saitinta. In tana da zaɓin "Access Point Mode", zaɓe shi kawai, zai yi maka yawancin aikin. In babu, je saitin LAN ka canza adireshinta zuwa wanda ke cikin jerin babbar amma a wajen zangon rabo, misali 192.168.1.2 idan babbar 192.168.1.1 ce. Ajiye, ka bari ta sake tashi, ka shiga ta sabon adireshin. Sai a yanzu ne za ka kashe DHCP ɗinta. In ka fara kashe DHCP kafin canza adireshi, kwamfutarka na iya rasa hanyar komawa cikinta, ka shiga wahalar da ba dole ba. Daga ƙarshe mayar da kebul daga kafar LAN ta babbar zuwa kafar LAN ta ƙaramar, ka bar kafar WAN ɗinta, wato kafar da aka tanada domin shigowar intanet daga waje, babu komai. Rubuta sabon adireshin a takarda ka manna a jikinta, domin wata shida nan gaba ba za ka tuna ba.

Akwai masu soka kebul ɗin a kafar WAN ta rauta ta biyu, kuma haka ma yana aiki, da sharaɗi guda: jerin lambobinta na ciki ya bambanta da na babbar. Idan modem ɗin kamfanin intanet yana kan 192.168.1.1 kuma rautar da ka saya ita ma 192.168.1.1 ce, za ta rasa gane ina ne waje ina ne ciki, sai ka ga waifai na aiki babu intanet. Wasu rautoci suna gane haka su canza da kansu, wasu ba sa yi. Canza lamba ta uku ta taka, ta koma misali 192.168.20.1, DHCP ɗinta ya ci gaba da aiki. Amma ka sani gidanka ya rabu gida biyu ke nan, kuma kwamfutar da ke kan babbar ba za ta ga firintar da ke bayan ƙaramar ba. Shi ya sa in ba da wani dalili na musamman ba, hanyar farko na fi so.

Dalili na uku shi ne mantuwa. Rautoci masu araha da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye jerin hayar da suka bayar, da an ɗauke wuta jerin ya tafi. Kwamfutar da ke barci da batirinta tana nan riƙe da 192.168.1.101 a ganinta, rauta kuma ta tashi ba ta tuna kowa ba, ta miƙa 101 ga wayar da ta fara zuwa. Wannan shi ne karon da kashewa da kunnawa ke warwarewa da gaske, amma a yi shi da tsari: kashe waifai a na'urorin biyu, kashe rauta na kamar rabin minti, kunna ta ka bari ta gama tashi, sannan ka dawo da na'urorin ɗaya bayan ɗaya. In yana yawan maimaituwa, duba ko kamfanin rautar ya fitar da sabuwar manhajarta ta ciki, ka sabunta, amma kada ka fara sai kana da tabbacin wuta ba za ta yanke a tsakiya ba.

Mataki na biyar: ka tsara lambobin yadda ba za su sake haɗuwa ba

A netwok ɗin gida na yau da kullum, wanda "Subnet Mask" ɗinsa 255.255.255.0 ne, kana da lambobi 254, daga 1 zuwa 254. Ba a ba kowa 0 da 255. Wannan ya ishi kowane gida, matsalar rashin shata iyaka ce kawai. Ga tsarin da nake bi: 1 na babbar rauta, daga 2 zuwa 9 na ƙananan rautoci da na'urorin ƙara waifai, daga 10 zuwa 99 na abubuwan da ba sa motsi irin su firinta da kyamarori da na'urar naɗar bidiyonsu, daga 100 zuwa 254 kuma na DHCP. Shiga saitin DHCP na rautarka ka duba inda zangon ya fara da inda ya ƙare. Wasu rautoci tun daga 2 suke farawa har 254, ba su bar wurin kafaffen adireshi ko ɗaya ba, irin waɗannan dole ka matsar da farkon zuwa 100.

Ga na'urar da kake son lambarta ta tsaya wuri ɗaya, abin da ya fi rubutawa da hannu shi ne ka sa rauta ta keɓe mata. Ana kiran shafin "Address Reservation" ko "Static Lease" ko "DHCP Reservation". Ka saka MAC ɗin na'urar da lambar da kake so, ita kuma na'urar ka bar ta a kan DHCP. Kullum lamba ɗaya za ta samu, kuma rauta ta san da zamanta, ba za ta ba wani ba. Wasu rautoci suna yarda a keɓe lamba a wajen zangon rabo, wasu sai a cikinsa, in taka ta ƙi wannan ka gwada wancan. Abu biyu za ka kiyaye. Kwamfutar tafi-da-gidanka MAC biyu gare ta, na waifai dabam na kebul dabam, kada ka keɓe musu lamba ɗaya. Waya kuma in kana son keɓe mata lamba, ka fara kashe ƙirƙirarren MAC a kan waifai na gidanka kaɗai, domin in ya canza, keɓewar ta tashi a banza.

Tsawon wa'adin haya ba shi ne ke kawo karo ba, amma yana da ɗan tasiri. Wasu rautoci awa 2 suke bayarwa, wasu awa 24, kuma na'ura takan nemi sabuntawa idan rabin wa'adin ya wuce. A gidan da baƙi ke yawan shiga waifai, gajeren wa'adi ya fi, domin lambobin waɗanda suka tafi su dawo da wuri. In ba haka ba ka bar shi yadda ka same shi.

In har yanzu bai tafi ba

Saura 'yan wurare kaɗan. Idan matsalar ba ta tasowa sai ka kunna VPN na wurin aiki, wato manhajar da ke haɗa ka da netwok ɗin ofis daga nesa, mai yiwuwa jerin lambobin can da na gidanka iri ɗaya ne, musamman in 192.168.0 ne ko 192.168.1, waɗanda kusan kowace rauta ke zuwa da su. Kwamfutar sai ta riƙa neman na'urar ofis a cikin gidanka. Mayar da gidan kan jerin da ba a cika amfani da shi ba, kamar 192.168.73.1, amma ka tuna duk na'urar da ke da kafaffen adireshi sai ka bi ta ka canza mata ita ma, in ba haka ba za ta ɓace maka.

Akwai kuma karon da ke kan MAC ɗin kansa. Yakan faru idan an kwafi kwamfutar cikin kwamfuta, irin ta VirtualBox ko VMware, ba a sabunta MAC ɗin kwafin ba, ko an yi amfani da zaɓin "MAC Clone" na rauta ba a wurinsa ba. Rauta tana ganin su na'ura ɗaya ce, don haka lamba ɗaya take ba su komai yawan sabuntawar da ka yi. Ana gane shi idan na'urori biyu suka nuna "Physical Address" iri ɗaya, kuma gyaran shi ne a ba ɗaya sabon MAC daga saitinta.

Idan MAC ɗin da ka kama bai dace da komai a gidanka ba bayan ka bi duk wayoyi da talabijin da kyamarori da sauran ƙananan na'urori, to wani ne daga waje ke kan waifai ɗinka. Canza kalmar sirrin waifai, ka tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato tsarin haɗa na'ura da waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba, sannan ka dawo da na'urorinka ɗaya ɗaya kana kallon jerin da ke shafin rauta.

Ƙaramin maɓallin Reset da ke bayan rauta shi ne na ƙarshe, kuma kada ka yi gaggawar kai masa hannu. Yana goge komai: sunan waifai, kalmar sirri, lambobin da ka keɓe, har da bayanan shiga da kamfanin intanet ya saka, irin su PPPoE ko APN, waɗanda in babu su intanet ba zai dawo ba sai ka neme su. Kuma in dalilin karon yana cikin firinta ne ko a rauta ta biyu, goge babbar ba zai taɓa shi ba. In dole sai ka yi, fara ɗaukar hoton kowane shafi na saiti da wayarka, musamman na WAN da na DHCP. Yawancin rautoci suna da zaɓin "Backup" da ke sauke maka saitin a fayil, amma in kana zargin kuskuren a cikin saitin yake, kada ka mayar da fayil ɗin bayan gogewar, ka sake shigar da komai da hannu daga hotunan, kana bin tsarin lambobin da ka shata.